Ɗalibin da ke karatu a ƙasar da ba tasa ba ya ce zai fara kasuwanci: a ba shi jari ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, ina harkar hatsi da goro. Ɗana na biyu yana digiri na biyu a Ingila, saura wata 7 ya gama. Ya matsa mini in tura masa naira miliyan 5 ya fara sayar da kayan abincinmu na gida ga 'yan Najeriya da ke can, ya ce duk abokansa niyyarsu ke nan. Akwai kuma ɗan ƙanwata daga Maraɗi, yana aji 3 a Jami'ar Legas da ke Akoka, a hannuna yake, shi ma yana so in kafa masa sana'ar kayan waya. Yaya zan gane wanda da gaske yake a cikinsu, kuma me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Yaran nan biyu, duk da nisan da ke tsakaninsu, matsayinsu ɗaya ne: kowannensu baƙo ne a ƙasar da yake karatu, kuma takardar da ta ba shi izinin zama, don karatu aka ba shi ita. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka tura kuɗin nan Ingila yanzu. Na Akoka kuwa ka ba shi, amma kaɗan, a rubuce, kuma sai bayan an duba takardunsa. Ga dalilai.

Maganar da ɗanka ya yi cewa duk abokansa niyyarsu ke nan, ba ƙarya ya yi maka ba, sai dai ba hujja ba ce. An daɗe ana auna wannan abu. Akwai wani babban binciken jin ra'ayin ɗaliban jami'a mai suna GUESSS, wanda aka fara a 2003 daga Jami'ar St. Gallen ta ƙasar Suwizalan, ana maimaita shi a ƙasashe da dama. Abin da yake yawan nunawa shi ne, idan aka tambayi ɗalibai me za su yi da zarar sun gama, galibinsu aikin albashi suke ambata. Idan aka ce bayan shekara 5 fa, sai adadin masu cewa za su kafa nasu ya ƙaru sosai. Wato kasuwanci ga yawancin ɗalibai buri ne na gaba, ba aikin gobe da safe ba. Faɗar niyya ba ta cin ko kwabo, shi ya sa take da yawa a bakin samari.

Masana halayyar ɗan Adam da suka yi aiki a kan niyya, musamman Icek Ajzen a 1991, sun ce abu uku ne ke haɗuwa su haife ta. Na farko, mutum yana ganin abin da kyau da riba. Na biyu, mutanen da yake jin nauyinsu, iyaye da dangi da abokai, suna goyon baya. Na uku, yana jin cewa abin yana hannunsa, zai iya. Yaron da ya tashi a gidanka, ya ga ana sauke buhuna ana ɗora su, ya ji ana ciniki tun kafin ya iya karatu, na farko da na biyu gado ya yi su, ba sai an auna ba. Duk Bahaushen da ya girma a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba yana da su. Na ukun ne wurin da ake faɗuwa, kuma ɗalibin waje ya fi kowa kuskuren auna shi. Yana shiga shagon 'yan Afirka a Landan ko Manchesta, ya ga farashin ƙullin kuka ko daddawa da fam, ya juya shi zuwa naira a kansa, sai ya ga riba ninki goma. Bai sa kuɗin jirgi ba, bai sa harajin shiga ba, bai sa hayar wurin ajiya ba, bai sa kayan da za a riƙe a tashar jirgi ba, uwa uba bai tambayi ko bizarsa ta yarda ya sayar da ko ƙwayar barkono ba.

Akwai kuma abin da wani masanin harkar kafa sana'a, Albert Shapero, ya lura da shi tun 1982, cewa sau da yawa mutum ba ya tashi ya kafa sana'a sai wani abu ya tunkuɗe shi daga inda yake zaune. Ga ɗalibin waje abin da ke tunkuɗar nan a bayyane yake: biza ta kusa ƙarewa, ya aika takardun neman aiki babu amsa, naira kuma ta faɗi, tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, yaro yana jin kunyar sake kiran gida ya ce a turo. Niyyar da tsoro ya haifa ba abin raini ba ce, 'yan kasuwa da yawa ta haka suka fara. Amma ya kamata ka san wace iri ce a gabanka, domin mai gudun wani abu duk ƙofar da ya gani a buɗe faɗa mata yake yi, ba ya tsayawa lissafi. Ka tambaye shi a natse, ba da faɗa ba: da a ce gobe wani kamfani zai ɗauke ka aiki mai albashi mai kyau, za ka ci gaba da maganar kayan abincin nan? Amsarsa za ta gaya maka da yawa.

Hanyar gane niyya ta gaskiya ba ta wuce duba abin da mutum ya riga ya yi da ƙafarsa ba. Binciken wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa wanda ya yanke ranar da zai yi abu, da wurin, da yadda zai yi, ya fi mai cewa kawai zan yi kusantar aikatawa. Saboda haka ka ce kowannensu ya rubuto maka shafi ɗaya, kada ya wuce. Ya faɗi kaya iri nawa zai fara da su, kuma kada su wuce uku. Ya faɗi mutum nawa ya yi magana da su baki da baki waɗanda suka ce za su saya, a kan nawa, kuma yanzu a wurin wa suke saye. Ya faɗi nawa kayan zai tsaya masa bayan ya iso hannunsa, da kowane kuɗi da aka kashe a hanya. Ya faɗi nawa ne nasa na kansa da zai zuba a ciki, ko da kaɗan ne. Sannan ya faɗi nawa za a iya asara ba tare da karatu ya tsaya ba. Ka ba su mako 2. Wanda da gaske yake zai dawo da lambobi, wasu ma za su ba shi kunya ya rage buri da kansa. Wanda zance ne kawai zai dawo da labarin wani abokinsa da ya yi kuɗi. Kai ka fi ni sanin wannan, irin gwajin da kake yi wa yaron shago ne kafin ka bar masa makulli.

Yanzu ga doka, kuma a nan ne nake so ka fi natsuwa, domin kuskurenta ba ya gyaruwa da kuɗi.

Bizar ɗalibi ta Birtaniya ta yarda mai karatun digiri ya yi aikin albashi na awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci kuma a hutu. Amma ta hana shi yin sana'ar kansa ko gudanar da kasuwanci. Hanin nan yana da faɗi fiye da yadda yara suke zato. Ya haɗa da saye da sayarwa don riba ko da ta WhatsApp ko Instagram ne. Ya haɗa da yi wa mutane aiki a biya shi kai tsaye ba tare da yana cikin ma'aikatan wani ba. Ya haɗa da yin aiki a kamfanin da shi darakta ne a ciki, ko yake da kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa ko fiye. Kuma dabarar da wasu ke yi ta cewa ai kamfanin a Legas aka yi masa rajista ba ta fisshe shi, domin abin da ake dubawa shi ne inda mutum yake zaune lokacin da yake yin aikin. Idan yana ɗakinsa a Ingila yana karɓar oda yana tura kaya, kasuwanci yake yi a Ingila. Idan aka gano, ana iya soke bizar, jami'ar da ta ɗauki nauyin zamansa wajibi ne ta kai rahoto, kuma tabon yana bin sa duk lokacin da ya sake neman biza. Ka auna kuɗin makarantar da ka riga ka biya da fam, ka ɗora shi a sikeli da ribar wata 7 ta sayar da yaji. Ba su kama hanyar daidaita ba.

Abin daɗin shi ne ƙofar ba a rufe take har abada ba. Bayan ya gama, kafin bizar ɗalibin ta ƙare, yana iya neman bizar waɗanda suka kammala karatu, wadda aka fara bayarwa a watan Yuli na 2021. Ita ta yarda da sana'ar kai. Shekara 2 ce ga mai digiri na farko ko na biyu, 3 ga mai digirin digirgir, amma gwamnatin ƙasar ta sanar cewa masu nema daga 1 ga Janairu 2027 wata 18 za a ba su, ban da masu digirgir. Ba a sabunta ta. Wannan yana da muhimmanci ga lissafi: duk sana'ar da zai kafa a kanta dole ta zama wadda za ta mayar da jarinta cikin wannan wa'adi, ko wadda za a iya naɗe ta a dawo da ita gida. Kada ya kama hayar shago ta shekara 5 da takardar zama ta shekara 2. Akwai wata bizar ta masu kafa sabon kamfani da aka fito da ita a 2023, amma tana buƙatar wata hukumar da gwamnati ta amince da ita ta shaida cewa tunanin sabo ne, zai tsaya da ƙafarsa, zai kuma bunƙasa. Shagon kayan miya, komai kyansa, ba irin abin da suke nufi ba ne.

Tunda na san wasu iyayen da 'ya'yansu ke wasu ƙasashen za su karanta wannan: a Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya sana'ar kansa lokacin karatu ba tare da izini ba, sai a wata 12 na horon aiki da ake kira OPT, shi ma sai sana'ar ta dace da fannin da ya karanta. A Jamus an yarda da aikin kwana 140 cikakku a shekara, amma sana'ar kai sai da izinin ofishin baƙi. A Maleshiya aikin da aka yarda da shi ƙanƙani ne ƙwarai, a lokacin hutu kawai kuma a wasu wurare ƙididdigaggu. Kowace jami'a tana da ofishin kula da ɗaliban waje, shawararsu kyauta ce. Yaro ya tura musu tambaya a rubuce, ya ajiye amsar.

Sai kayan da kansu. Abin da yaranmu suka fi fara tunani shi ne kilishi da dambun nama, domin su ne aka fi kewa. To nama da madara daga Najeriya ba a yarda matafiyi ya shiga da su Birtaniya ba, ko a jaka ko ta gidan waya. Kamawa ake yi a lalata. Wake kuma, Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a rumbu don kashe ƙwaro. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono ana tsananta musu bincike saboda gubar da fumfuna ke haifarwa idan kaya bai bushe sosai ba ko ya sha laima a ajiya. Kai mai hatsi ne, ka san yadda damshin Legas yake yi wa buhun da aka jingina da bango a damina. Kayan da suka fi sauƙin tafiya su ne busassu masu tsabta waɗanda ba nama a ciki: zoɓo, citta, kuka, gero. Su ma a can sai an yi wa sana'ar abinci rajista da ƙaramar hukumar yankin aƙalla kwana 28 kafin a fara, a kuma rubuta a jikin leda abin da ke ciki, musamman gyaɗa da riɗi, domin suna cikin abubuwan da jikin wasu mutane ba ya ɗauka, har takan kai ga rasa rai.

Wani abu da bai ambata maka ba amma ina roƙonka ka ja masa kunne a kai shi ne canji. Sana'a ce da Hausawa suka gada, kuma ɗalibai suna faɗa mata ba tare da sun ɗauke ta kasuwanci ba: wani ya ba ka fam a can, a biya danginsa naira a nan, ka ci ɗan bambanci. Ba a yin wannan sai da lasisi. Bankunan can suna lura da asusun ɗalibin da kuɗi ke shiga daga mutane daban-daban suna fita nan take, suna rufe shi ba tare da dogon bayani ba. Idan kuma aka yi rashin sa'a kuɗin wani na damfara ne, mai asusun ne za a kama da laifin halatta kuɗin haram, wanda hukuncinsa a Birtaniya yakan kai shekara 14. Kada ya ara wa kowa asusunsa, ko ɗan unguwarku ne.

To me zai yi a wata 7 ɗin nan? Da yawa, kuma duk halas ne a doka. Ya zagaya shagunan 'yan Afirka da ke garinsa da littafi a hannu, ya rubuta farashi da nauyin kowane ƙulli da sunan kamfanin da ya shigo da shi. Idan ya samu, ya yi aikinsa na awa 20 a irin wannan shago ko a wurin masu rarraba kayan abinci, a biya shi albashi yana koyon yadda kaya ke shiga da fita; wannan ya fi masa kowane kwas. Ya shiga cibiyar koyar da kasuwanci ta jami'arsu, yawancinsu suna da ita. Ya rubuta tsarinsa. Shiri ba a hana shi ba, ciniki aka hana.

Kai kuma a nan, in har ka ga alamun gaskiya a shafin da ya rubuto, miliyan 5 ɗin ta fi amfani a Legas. Ƙafar kasuwancin da ke wannan ɓangaren ita ce mai wuya, kuma ita ce wadda kake da ƙarfi a kanta. A yi wa kamfani rajista da hukumar CAC. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, mafi ƙarancin hannun jarinsa naira 100,000. A sa shi da sunanka ko na wansa, kada a sa ɗalibin darakta sai matsayinsa ya canza. A yi rajistar mai fitar da kaya da hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, wato NEPC. A buɗe asusun kamfani da na kuɗin waje, domin kowane kaya na kasuwanci da zai fita sai an cike masa fom ɗin NXP ta banki, kuɗinsa kuma ta nan zai dawo. Kayan gona sai da takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, wanda aka sarrafa aka ƙulla kuma sai an bi ta NAFDAC. Kada a fara da kwantena a Apapa ko Tin Can. A fara da kilo 50 zuwa 100 ta jirgin sama daga Ikeja, kaya iri 2, zuwa ga ɗan kasuwar da ya riga yake da izinin shigo da kaya a can, ba zuwa ga ɗanka ba. Tura ta farko makaranta ce: a nan za ku san ainihin kuɗin kilo ɗaya, da kwana nawa kaya ke yi, da abin da ke sa a riƙe shi. In ya samu sabuwar bizarsa, sai ya tarar da hanya a share.

Kada kuma ka cire yiwuwar cewa kasuwancinsa a gida yake. Alhaji Aliko Dangote a Jami'ar Azhar ta Alƙahira ya yi karatu, ya dawo ya fara fatauci a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi, a nan Legas harkar ta yi ƙarfi. Alhaji Abdussamad Rabi'u a jihar Ohayo ta Amurka ya yi nasa, ya dawo ya riƙe harkar mahaifinsa kafin ya kafa BUA a 1988. Dukkansu ɗaliban waje ne a zamaninsu, kuma ta ƙofar sana'ar gida suka shiga, inda suke da mutane da amana da sanin hanya.

Sai ɗan ƙanwarka. Da yake Hausa yake ji kuma gidan kawunsa yake, mantawa ake yi cewa a takarda baƙo ne. Dokar shige da fice ta Najeriya ta 2015 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba kafa sana'a sai da izinin hukuma, amma 'yan ƙasashen ECOWAS suna da sassauci na shiga da zama da neman abinci, bisa yarjejeniyar da ta faro tun 1979. Nijar kuwa, tare da Mali da Burkina Faso, ta fita daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen uku da 'yancin zirga-zirgarsu har sai an sanar da wani sabon tsari. Wato yana tsaye ne a kan rangwamen da ake iya canzawa. Don haka kafin maganar jari, ya ɗauki fasfonsa da takardar shaidar ɗalibta ya je ofishin shige da fice na Alagbon a Ikoyi, ya tabbatar katin zamansa yana aiki. Da shi zai samu lambar NIN, wadda baƙo mai zama bisa ƙa'ida yake da damar samu, sannan BVN da asusun banki da sunansa. Kada ya bi gajeriyar hanyar nan ta karɓo takardar zama ɗan wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Sakkwato. Ƙarya ce a takardar gwamnati, kuma ranar da ta tashi tonuwa har shaidar digirinsa tana iya shafa.

Game da rajista, kamfanin da baƙo yake da hannun jari a ciki, ƙa'idar ma'aikatar harkokin cikin gida ta 2022 ta sa masa naira miliyan 100 a matsayin mafi ƙarancin jarin hannun jari, ga rajista da hukumar bunƙasa zuba jari ta NIPC da izinin kasuwanci. Wannan ba na mai sayar da caja ba ne. Abin da ya dace shi ne sana'ar ta zama taka, da sunan kasuwanci mai rajista da sunanka, shi kuma yana juya ta. Ya kuma tambayi ofishin harkokin ɗalibai ƙa'idar sayar da kaya a ɗakunan kwana, domin makarantu suna da dokokinsu a kai.

Ga lissafin da nake so ku yi tare, lambobin misali ne kawai, ku sa na gaskiya bayan ya je Computer Village a Ikeja ya taya da bakinsa. A ce ka ba shi naira 300,000. Ya sayi caja 100 a kan 2,000 kowace, 200,000 ke nan, da niyyar sayarwa 3,000. A kansa ribar 100,000 ce. To a ce 10 sun dawo ba sa aiki, kuma dilan bai yarda da canji ba saboda ba a yi wannan magana ranar saye ba. Wasu 10 abokai sun ɗauka bashi, an shiga jarrabawa, an tafi hutu. Saura 80, kuɗinsu 240,000. Cire 200,000 na kaya, cire 15,000 na mota da data da leda. Abin da ya rage 25,000. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zata, kuma bai ci ko sisi a ciki ba tukuna. Daga nan darussan suke fitowa da kansu: ya gwada kowace caja a gaban dila, ya karɓi rasit mai maganar canji, kada ya zuba duk jarin a kaya, ya bar kashi ɗaya cikin uku a hannu, bashi kuma ya sa masa iyaka, kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kayan. Ya kuma tuna kasuwar makaranta tana mutuwa da hutu. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata 8 ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda duk masu sayensa ɗalibai ne, kayansa a akwati suka kwana, kayan waya kuwa yayinsu wucewa yake yi.

A ganina ma kayan waya ba nan ne ƙarfinsa yake ba, domin ɗalibai da yawa suna sayar da su, bai fi su da komai ba. Abin da yake da shi wanda ba su da shi: yana jin Faransanci, yana jin Hausa, ya san lissafin sefa, yana da dangi a Maraɗi. 'Yan kasuwar Nijar da Kwatano da Lome suna sayen kaya a Alaba da Trade Fair da Balogun, da yawansu suna buƙatar amintaccen mutum da zai taya musu, ya duba kaya, ya ɗauki hoto, ya kai wa mai mota, a ba shi la'ada. Wannan ba ta cin jari, amana take ci, kuma ana yin ta ranar Asabar. Haɗarinta iyaka ce: Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Don haka kada ya riƙa sayen kaya da kuɗinsa yana jiran a biya shi bayan sun isa. Mai kaya ya turo kuɗinsa tukuna. Idan harkar ta kama, Gidauniyar Tony Elumelu tana karɓar masu nema daga duk ƙasashen Afirka 54, tana buɗewa a farkon Janairu, tana ba waɗanda aka zaɓa horo da jarin dala 5,000, kuma zamansa ɗan Nijar ba ya hana shi nema.

Kuɗin da za ka ba shi, kada ka bar shi a tsakanin kyauta da bashi, nan ne zumunci ke ɓaci. Ku yi ƙiradi yadda malamai suka tsara: jari naka, aiki nasa, riba a raba bisa kason da kuka amince tun farko, misali rabi da rabi, ba wani adadin kuɗi tsayayye ba. In an yi asara ba da sakacinsa ba, jarinka ne ya ragu, shi kuma wahalarsa ta tafi a banza. In da sakaci ko saɓa sharaɗi, ya biya. Ku rubuta, da shaidu biyu, mahaifiyarsa ta sani. Asusun sana'a daban, kuɗin makaranta da na abinci daban, kada ɗaya ya ranci ɗaya ko na kwana guda. Ya riƙe littafi mai shafi huɗu: abin da ya saya, abin da ya sayar, bashi, da abin da ya kashe. Ku sa sharaɗin cewa in sakamakon jarrabawarsa ya sauka ƙasa da inda yake yanzu, an dakatar da sana'ar har zangon gaba. Ranar Lahadin ƙarshen kowane wata ya zo Agege da littafin da sauran kayan da ke hannunsa, ku ƙirga tare. Bayan wata 3, in jarin yana nan cif kuma littafin ya yi daidai da abin da ke asusu, ka ƙara masa rabin abin da ka fara ba shi.